Awa 1,500 ta cika, amma ta dare ba ta cika ba

Ranar da jimillar kundin da nake rubuta awoyin tashina a jirgin sama ta kai awa 1,500 har hoton shafin na ɗauka. Shekara uku ke nan ina koyar da tuƙi a ƙananan jiragen sama samfurin Cessna 152 da 172, ina kujerar dama, ɗalibi yana buga tayoyi a titin jirgi, ni kuma ina cewa mu sake zagayowa. Na ɗauka wahala ta ƙare. Da na je neman aiki a wani kamfanin jiragen sama, mai duba takardun kamfanin ya buɗe kundin, ko kallon jimillar da nake taƙama da ita bai yi ba. Yatsansa ya zarce layin dare. Awa 41.

Ɗari ake so. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na sani. Na haddace don jarrabawa: lasisin tuƙa jirgin fasinja a ƙa'idar ICAO, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, yana buƙatar awa 1,500, a ciki 100 ta dare, 75 ta tuƙi da na'urori kaɗai, 200 ta doguwar tafiya daga fili zuwa fili, wadda a Amurka ma 500 ce. Amma tun da na karɓi lasisin kasuwanci, wanda ke ba matuƙi damar karɓar kuɗi a kan tuƙi, idona ya kafe a kan babbar lambar, sauran na bar su kamar za su cika kansu.

Ba sa cika kansu. Ɗalibai sun fi son safiya saboda iska a kwance take, kuma mai neman lasisin farko 'yan awoyi kaɗan yake buƙata da dare. In aka ce akwai tashin dare, ni ne na farkon kawo uzuri. Akwai wani abokin aikina da yake kwashe duk abin da muka ƙi, tashin dare, kai jirgi gyara wani gari, dawo da shi. Har tausayinsa nake ji, ina ganin an mai da shi jaki. A makon da ya cika 1,500 ya tattara ya tafi, ni kuwa ina nan ina cizon yatsa.

Ita ma 41 ɗin ba ta tsira ba. Ashe daga faɗuwar rana nake fara lissafi, alhali a ƙa'idar da aka auna ni da ita dare ba ya farawa sai almuru ya wuce, wato rana ta nutse digiri 6 ƙasa da sararin da ido ke gani. Minti ashirin da wani abu a kowane tashi. Aka zaftare, ta koma 35. Mai duba takardun bai ce na yi ƙarya ba, amma da ya ce ma da ya fi sauƙi a kan irin kallon da ya yi mini.

Awa 65 ɗin da ta rage da kuɗina na sayi yawancinta, hayar jirgi da mai, a lokacin da ya kamata a ce ana biyana. A nan na gano abin da da na yi tun farko: awa ɗaya tana iya cika layi uku. Ka tashi da dare, ka nufi fili mai nisa, ka yi wani ɓangaren tafiyar da na'urori, duk a tashi ɗaya. Da a wata sau biyu kawai na yi haka cikin shekara ukun nan, da an wuce wurin. Yanzu duk wanda ya tambaye ni, cewa nake ya zana layukan nan a bangon ɗakinsa, ya duba su ƙarshen kowane wata, ya haɗa da awoyin jirgi mai inji biyu, don su ma tsada gare su kuma kamfanoni suna tambaya. Ya kuma karanta yadda hukumar jiragen saman ƙasarsa ta fassara dare da doguwar tafiya kafin ya rubuta minti ɗaya.

Wata biyar abin ya ci, don hadari da hazo sun soke mini tashi ba adadi. Na samu aikin daga baya, alhamdu lillahi. Sai dai a kamfaninmu ranar da aka ɗauke ka ita ce matsayinka, ita ke yanke wanda zai zaɓi jadawali da wanda zai riga zama kyaftin. Mutum goma sha ɗaya ne suka shiga cikin wata biyar ɗin nan, kuma duk lokacin da aka fitar da jerin sunaye ina ganinsu a samana.