Ɗaki Tukuna, Sannan Aiki

A garejina da ke Suame Magazine, unguwar makanikai a nan Kumasi ta Gana, ana yawan kawo mini waɗanda suka fito daga jinyar shaye-shaye. Uwa ko kawu ne ke rako shi: "Maigida, don Allah a taimaka masa da abin yi." Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne, ina yake kwana?

Yawanci barandar wani shago ce a kasuwar Kejetia, ko cikin matacciyar mota a unguwar Aboabo. Mai kwana a irin wurin nan barcinsa rabi da rabi ne, takalmi a ƙarƙashin kai, waya a cikin wando. Maƙwabtan barcinsa kuma su ne abokan shansa na da, masu taramol mai lamba 225, alhali 50 da 100 kaɗai hukumar magunguna ta Gana ta yarda da su. Ka ba shi sifana da safe, hannu na rawa, kafin la'asar ya ɓace.

Dokar miyagun ƙwayoyi ta 2020 ta sassauta wa mai sha, ta ba da damar tara maimakon kurkuku. Madalla. Amma mai gidan haya fa? Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida, shi kuma na shekara biyu yake so a dunƙule, kuma da ya ji tarihin mutum sai ya ce an riga an kama ɗakin.

A New York ta Amurka, tun 1992 aka fara ba irin waɗannan mutane muhalli ba tare da sharaɗin sai sun daina sha ba, jinya ta biyo baya. Finlan ma ta bi sahu a 2008. Na san wasu dattawanmu za su ce ɓata yaro ne. Ban yarda ba.

Mu masu gareji ƙalilan mun haɗa kuɗi mun kama musu ɗaki a unguwar Asawase. Wanda ya zame ya koma sha ba ma korarsa, sai dai mu raka shi asibiti. Aiki kuma daga wankin ƙarafa da fetur ake farawa, ba a ba shi motar mutane tukuna. Kuɗin abinci kaɗai muke ba shi a hannu kullum, sauran mai susu, wato mai karɓar ajiyar kuɗi, ke riƙewa har ƙarshen wata. Sun fi jin haushin wannan tsarin fiye da komai, mu ma a kansa muka fi tsayawa.