Yaran katun da suka ƙi girma

Tun watan Disamba na 1989 ake nuna shirin The Simpsons a Amurka, kuma har yau yaron gidan, Bart, shekararsa goma, ƙanwarsa Lisa takwas, autar gidan kuwa ba ta rabu da abin tsotso ba. Matar da ke yi wa Bart murya, Nancy Cartwright, an haife ta a 1957, ta haura sittin tana ara wa ɗan firamare muryarta. Tintin, wanda aka fara zanawa a Beljiyam a 1929, kuma da yawa daga cikinmu a Damagaram muka karanta shi da Faransanci, ya zaga duniya har ya taka wata, amma ko gemu bai tsiro masa ba. Sacha na Pokémon ya fito a 1997 yana ɗan shekara goma, ya yi ban kwana da masu kallo a 2023 yana nan a goman.

Dalilin a fili yake. Yaron da ba ya girma haja ce da ba ta kwantai, domin ana iya nuna kowane kashi a kowace rana ba tare da mai kallo ya ruɗe ba, kuma hoton da aka buga a jakar makaranta bana zai sayu baɗi. Mu ma muna da irin wannan a gida, tun da Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa tsufa ba. Sai dai tatsuniya tana ƙarewa da ƙurunƙus, gobe a ɗauko wata daga farko, ba ta ce mana labarin jiya ne ake ci gaba da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne girman hankali, wanda ya fi ƙarin shekaru wuyar zanawa. Sangoku na Dragon Ball, wanda Akira Toriyama ya fara a 1984, ya tashi daga yaro mai wutsiya ya yi aure, ya haifi Sangohan, har ya ga jika, amma tunaninsa bai wuce abinci da neman abokin dambe ba. Jikinsa kawai aka tsawaita. Shi kuwa Bart, sau da yawa yakan yi nadama a ƙarshen kashi, mako ya zagayo ya maimaita ɓarnar kamar ba a yi ba. Wannan na ganin yana da illa ga yaro mai kallo, domin ana nuna masa duniyar da laifi ba ya barin tabo, nadama kuma ba ta kwana.

Naruto na Masashi Kishimoto, wanda aka buga daga 1999 zuwa 2014, shi ya fi kusa da yadda mutum yake girma. Maraya ne da gari ya ƙyamata, ya yi ta ƙiriniya don a kula shi, malaminsa Jiraiya ya mutu, mutuwar kuma ta sauya maganarsa da shawararsa har ƙarshen labarin. Da ya zama shugaban gari, sai aiki ya raba shi da gida, ɗansa Boruto ya riƙe shi a zuciya. Ɗan ƙanwata da ke unguwar Birni a Damagaram ya taɓa ɗago kai daga waya a daidai wannan wurin, fuskarsa a murtuke, ya ce: "Kawu, shi da ya san zafin rashin uba, me ya sa ba ya dawowa gida da wuri?" Yaro ba ya yin irin wannan tambaya sai ya yarda cewa abin da ya sami mutumin a baya yana tare da shi.

Hanyar ba sabuwa ba ce. A zanen jarida na Gasoline Alley, an tsinci jariri Skeezix a ƙofar gida a 1921, ya yi ta girma tare da masu karatu, ya je Yaƙin Duniya na Biyu, ya zama kaka.

Matasanmu da suka fara zana katun da Hausa nake roƙo su yi la'akari da wannan tun kafin su zana kashi na farko. Idan tauraronsu ya fara da allo a hannu, ina so in ga ranar saukarsa, in ga ya kama sana'a a Kasuwar Dole ta Damagaram, in ga kuma yadda zai bi da ƙaninsa ranar da ƙanin ya yi laifin da shi ya taɓa yi.