Juma'a, da roba a tsakar falo

Ruwan daren jiya ya tona asirin rufin kankaren nan. Da asuba na taka dardumar falo na ji ta sharkaf, na ɗaga kai, sai ga ɗigo daga kusurwar da na yi ta ƙorafi a kanta tun ranar zubi. Ko shekara biyu ba a yi ba. Na kira ɗan kwangilar sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka. Maman yara ta tara roba, ta ce in karya tukuna kafin in fara masifa.

Juma'a a cikin birnin Zariya tare da Kawu, kamar kullum. Tun daga Tudun Wada har muka wuce Ƙofar Doka ina zuba masa, bai ce uffan ba. Sai da aka sallame, jama'a suka ragu, ya ja hannuna zuwa tsohon ginin ƙasa da sabon masallacin ya lulluɓe.

"Ɗaga kanka," ya ce.

Na sha ganin bakan gizon nan, amma ban taɓa tsayawa ƙarƙashinsa da ɓacin ran yoyo ba. Ƙasa ce da azara, ba rodi ba siminti, tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Aikin Muhammadu Durugu, Babban Gwani, mai unguwa guda da sunansa a garin nan. Kawu ya yi leburancin magina da ƙuruciya, don haka da ya fara bayani hannunsa ya fi bakinsa magana. Azara ɗaya ba ta ɗaukar tazara mai nisa, sai a jero ta hawa-hawa daga bango biyu, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a tsakiya. Daga giginya ake tsago ta, gara ba ta cin ta. Gini kuma sai da rani, a jera tubali kansa sama, a bar shi ya sha iska kafin a ɗora wani.

Na ce, "Kun gani ko, Kawu? Maginan da masu tsoron Allah ne."

Ya yi dariya har da tari. "Ka san ladan da aka ba shi?" Ya maimaita labarin da kowane Bazazzage ya sani: wai Sarkin Birnin Gwari ya sa ya gina masa irinsa, da ya gama sai aka kashe shi don kada ya ƙara yi wa wani. Ya kuma ce rufin soro ma yoyo yake yi in damina ta same shi ba yaɓe, bambancin dai maginin da yana gari ɗaya da kai, duk shekara zai dawo ya hau.

A hanyar mota ya jefo wadda ta tsaya mini a wuya.

"Zauren gidanmu na ƙauye, wanda aka raɗa maka suna a ciki, kakan babanmu ya sa aka yi shi tun kafin zuwan Turawa. Wa ya gina?"

Na yi shiru. Ya ce shi ma bai riski wanda ya riƙe sunan ba.

Duk yamma mutumin nan ya ƙi fita daga raina. Da damina yana gona, da rani yana kan katanga, yara na cilla masa tubali yana cafewa, a sallame shi da wuri ko damin dawa. Ya koya wurin ubansa, ya koya wa ɗansa. Mun haddace sunan wanda ya zauna a zauren har kaka huɗu, na wanda ya ɗaure azarar da ke kanmu kuwa ko a bakin tsofaffi babu.

Cefane. Wanki bai bushe ba. Auta ta jefa takalminta cikin robar.

Bayan isha'i waya ta yi ƙara, ɗan kwangilar ne: yana asibiti da ɗansa tun safe, zai zo Litinin da kwalta ya duba. Na yi masa ya mai jiki, murya ƙasa-ƙasa. Da na kashe, na ga yadda na ajiye lambarsa shekara uku ke nan: "Magini 2".

Hadari ya sake haɗowa ta gabas. Bari in zubar da robar.