Idan allon kwamfuta ya kawo hoto ya ɗauke

Hoto ya fito na daƙiƙa biyu sai allo ya yi baƙi? Kada ka yi saurin cewa gilashi ya mutu. Haska tocila daga gefe. In ka hango inuwar hoto, fitilar da ke haska allon daga baya ce ta ɗauke.

Galibi laifin kafasito ne, wato 'yan gwangwanayen da ke tara caji, a bod ɗin wuta da ke cikin allon. Zare fulogi, ka sauke cajin babbar kafasito mai volt 400 da rizisto (abin da ke rage gudun wuta) tukuna, domin tana riƙe wuta ko an kashe. Sai ka duba ƙananan. Wadda kanta ya kumbura, zafi ne ya busar da ruwan cikinta. Sa sabuwa mai lamba irin ta tsohuwar, misali 1000µF, 25V, mai jure zafin 105°C. Ƙafar da ke gefen farin layin jikin kafasito ita ce nagetif; in ka juya ta, fashewa za ta yi.