Hoton da malama ta turo

Tun da makarantar renon yara da 'yata take zuwa ta fara amfani da manhajar ClassDojo, wadda malamai ke turo wa iyaye saƙonni da hotuna ta cikinta, na daina dogara da "ba komai" ɗin da take ce mini idan na tambaye ta abin da suka koya. Jiya da azahar malamarsu ta turo hotonta tana jera tsakuwa goma bisa tabarma, ta ɗan zaro harshe saboda tsabar natsuwa, tare da bayanin cewa mako mai zuwa za su ƙirga har 20. Da daddare muka zuba wake a faranti muka maimaita. Abin da ke damuna shi ne iyayen da ba su da babbar waya ko kuɗin data, waɗanda har yanzu sai a bakin ƙofar makaranta suke jin labari.