Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Wai Ina Kitsen Yake Tafiya?

Salam jama'a, makon jiya mun tsaya inda likita yace BMI ɗina (awon nauyi idan aka kwatanta da tsayi) ya haura 30, in fara tafiyar sauri. To na fara, kullum in dawo sharkaf da gumi, amma sikeli ko gezau.

Na koma wajensa raina a ɓace nace likita wannan gumin da nake zubarwa duk a banza kenan? Yayi dariya yace Hajiya ai gumi ruwa ne, kina kurɓar ruwa ya dawo. Sai ya jawo takarda yana zane yana min bayani, wai kitse a dunƙule yake cikin ƙwayoyinsa kamar kaya a sito, tsoka bata iya amfani da shi a haka sai an warware shi ya shiga jini tukuna, sannan ta ƙona shi da iskar da muke shaƙa. Mai buɗe siton shine sinadarin adirenalin da jiki ke saki in an fara motsi, mai rufewa kuma insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini. To mu masu ƙiba insulin ɗinmu yawanci a sama yake, kuma kitsen namu baya amsa kiran adirenalin da wuri irin na marasa jiki, shiyasa farkon yake da cin rai wallahi. In an ɗore dai jiki yana fara jin insulin sosai, tsoka ma ta ƙara iya ƙona kitse.

Nace to in koma gudu mana a gama da wuri. Yace a'a, in numfashi ya sarƙe jiki sukari yake komawa ƙonawa, gashi bazan jure ba, ga gwiwa. In riƙe saurin da zan iya magana amma bazan iya rera waƙa ba, minti 150 zuwa 300 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya tace.

Abinda ya ɗaure min kai kuwa, ashe kitsen ta numfashi yake fita! A kilo 10 na kitse da mutum ya rage, wajen kilo 8.4 ta huhu yake barin jiki, ragowar ruwa ne. Har yau in ina haki a hanya sai in tuna in kama dariya ni kaɗai.

Kafin in tafi yasa nas ta zagaya cikina da tef, ta duba na farko a kati, ya ragu. Yace kitsen da ke lulluɓe da hanji da hanta, wanda yafi haɗari, yana raguwa ko da sikeli bai motsa sosai ba. Sai a lokacin na lura siket ɗin jikina ya daina cin ƙuguna.

Ya dai ja min kunne cewa tafiya kaɗai ba zata zubar da kilo da yawa ba in ban gyara cin abincina ba. Nan fa aka yi rigima da ni da bakina, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.