Musun teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura

Jiya da daddare saura kaɗan a ba hammata iska a teburin mai shayinmu na Ƙofar Ƙaura. Ƙanen wani abokina ne ya dawo hutu daga jami'a da zafin kai, wai shi ya gano duk kashe-kashen duniyar nan addini ne ya kawo su, sai wani dattijo da ke gefe ya aje kofi ya ce kai yaro kiyayi bakinka, ai waɗanda ba su yarda da Allah ba su suka fi kowa zubda jini. Ni dai ina ta tsoma biredina ina sauraro.

Gaskiya kowa da abin da ya riƙe. Yaron ya kawo Maitatsine, Disamban 1980 a Kano, sama da mutum 4,000 suka tafi, ya ƙara da Boko Haram. Baba kuma, ashe tsohon mai jin rediyo ne, ya jawo Stalin na Rasha da Pol Pot na Kambodiya wanda daga 1975 zuwa 1979 ya halaka kusan mutum miliyan 2, har da malaman addinin Buda da musulmin ƙasar, don shi ko ibada bai yarda a yi ba.

To amma Ruwanda fa? 1994, wajen mutum 800,000 cikin kwana 100, mai saran da wanda ake sara da yawansu coci ɗaya suke zuwa. Wannan a lissafin wa za a sa shi?

Kuma wallahi abin da ya fi ba ni haushi, muna zaune a Katsina muna musun Rasha. Mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari wa ya hana su noma? Wanda ya fito daga dajin Rugu da bindiga bai taɓa tsayawa wa'azi ba, ba ruwanshi da aƙidar kowa, shanu yake so da kuɗin fansa. Ko yaran Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disamban 2020, Shekau ya yi wuf ya ce aikinshi ne, amma a hannun ƴan bindigar daji aka karɓo su. Ban ce masu kafirta mutane a kan mumbari ba su da laifi ba fa, suna da shi babba, ai masallata aka tayar wa bam a babban masallacin Juma'a na Kano a 2014, kuma wani ne ya karantar da masu tayarwar cewa halas ne.

Mai shayin bai ce uffan ba sai da muka tashi biya. Shi ɗan gudun hijira ne daga wani ƙauye ta wajen Batsari. Ya ce Alhaji, lokacin da suka ɗauke wana ba su tambaye mu ko yana sallah ba, kuɗi suka ce da babur sabo da katin waya.